Saniyar Wa Ake Nufi?

 

Yau a kan nama za mu tattauna. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai tsire da almuru, ya ga hayaƙi na tashi daga tukuba, idan aka ce masa nama na da hannu a ɗumamar duniya, zai iya ɗauka wannan hayaƙin ake nufi. To, hayaƙin tukuba bai taka kara ya karya ba. Abin da masana ke magana a kai ya riga ya tashi sama tun san yana raye, tun yana kwance a inuwa yana tuƙa.

Ga yadda abin yake. Saniya da tunkiya da akuya suna cin ciyawar da cikin ɗan Adam ba zai iya narkarwa ba. A cikin tumbinsu akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke ruɓar da ciyawar har ta zama abinci ga dabbar. Wannan ruɓewar tana haifar da wata iska da ake kira metan, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 nata ta baki take fita, wato gyatsa. Metan ba ta daɗewa a sama kamar iskar kabon da ke fita daga motoci da masana'antu, kimanin shekara 12 take yi ta baje. Amma kafin ta baje ɗin, aiki take yi ba na wasa ba: a cikin shekara 20 na farko, ta ninka kabon riƙe zafi sau 80 da ɗoriya. Sai ka tuna cewa shanun duniya sun kai kimanin biliyan ɗaya da rabi. Ka ƙara da dazuzzukan da ake sarewa don a yi wa shanu makiyaya, da takin zamanin da ake zubawa a gonakin masara da waken suya da dabbobi za su ci, da kashin da ake tarawa a manyan ramuka a gidajen gonar ƙasashen da suka ci gaba. A 1961 naman da duniya ta samar bai wuce tan miliyan 71 ba. Yanzu ya haura tan miliyan 340. Yawan mutane bai kai ga ninkawa sau uku ba a wannan tsakani, nama kuwa ya kusa ninkawa sau biyar.

Wannan magana ce tabbatacciya, babu gardama a kanta tsakanin masana. Damuwata a yau ita ce yadda mu 'yan jarida muke kai ta kunnen jama'a.

Bari mu bi sawun lamba guda ɗaya. A 2006, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, mai hedikwata a birnin Rum, ta fitar da wani rahoto da ya ce kiwon dabbobi ne ke da alhakin kashi 18 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya, har ma ya ce hakan ya fi na dukkan harkar sufuri. Nan da nan kanun labarai suka ɗauka: shanu sun fi motoci illa. Maganar ta yi daɗin faɗi, ta zaga duniya. Ni kaina na taɓa karanta irin wannan jumla a labarai ba tare da na tambayi yadda aka yi lissafin ba, kuma har yau abin yana damuna.

A 2010 wani malamin Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, Farfesa Frank Mitloehner, ya nuna cewa an yi awo da mudu biyu. Wajen dabbobi an ƙirga komai, tun daga sare daji har zuwa kai nama kanti. Wajen motoci kuwa hayaƙin da ke fita daga salansa kawai aka ƙirga, ba a sa haƙo mai da tace shi da ƙera motar ba. Ɗaya daga cikin marubutan rahoton, Pierre Gerber, ya amsa cewa wannan suka tana da tushe. Sai kanun labarai suka juya baya: ashe shanu ba su da laifi. Alhali abin da aka gyara shi ne kwatancen da motoci kawai. Gyatsar tana nan, dajin da aka sare ma bai dawo ba.

Kafin wannan, a 2009, wasu mutum biyu sun wallafa maƙala a mujallar cibiyar Worldwatch suna cewa ai kason dabbobi ya kai 51 cikin 100. Yawancin masana ba su karɓi wannan lissafi ba, domin har numfashin dabbobi aka ƙirga a ciki. Amma wani fim da aka fitar a 2014 ya ɗauki lambar ya yaɗa, kuma har gobe za ka ci karo da ita a Facebook. A 2013 FAO ta sake lissafi ta ce kashi 14.5 ne, wato tan biliyan 7.1 a shekara, kuma kusan kashi biyu cikin uku na wannan daga shanu yake. A ƙarshen 2023 ta sake cewa kashi 12 ne, tan biliyan 6.2. Wanda ya ji 18, ya ji 14.5, ya ji 12, zai ce alhamdu lillahi abu na raguwa. Hanyar lissafi ce ta sauya, kuma hayaƙin sauran sassa ya ƙaru, shi ya sa kason ya yi ƙasa. Rahoton na 2023 da kansa ya yi gargaɗin cewa idan ba a ɗauki mataki ba, adadin zai kai tan biliyan 9 zuwa 2050. Wannan gargaɗin bai sami shiga kanun labarai kamar yadda lamba 12 ta samu ba.

To ka ji, mai sauraro. Lamba huɗu a kan abu ɗaya, kowa ya ɗauki wadda ta dace da abin da yake so ya faɗa. Wanda aka bari a duhu shi ne kai.

Sai kuma shiru, wanda a ganina ya fi kuskuren lamba yawa. A 2023 wasu ƙungiyoyi biyu a Amurka, Faunalytics da Sentient Media, sun duba labarai 1,000 da manyan kafofin yaɗa labaran ƙasar suka buga kan sauyin yanayi. Kashi 7 cikin 100 kacal ne suka ambaci kiwon dabbobi. Wajibi ne in gaya muku cewa waɗannan ƙungiyoyi masu fafutukar kare dabbobi ne, suna da nasu ra'ayi. Duk da haka, duk wanda ke bin labaran yanayi ya san abin da suka gano bai yi nisa da gaskiya ba. Hoton bututun masana'anta yana tuƙar da baƙin hayaƙi yana da sauƙin ɗauka, kuma mai laifin yana can nesa, wani kamfanin mai ne. Gyatsa kuwa ba ta da hoto. Sannan maganar nama tana shiga har cikin tukunyar mai karatu, kuma edita ya san mutum ba ya son a leƙa masa tukunya.

Idan kuma aka tashi yin maganar, sau da yawa da raha ake yin ta ko da tsoratarwa. A 2003 gwamnatin Niyu Zilan, ƙasar da tumakinta suka fi mutanenta yawa, kuma kusan rabin iskar da take fitarwa daga noma da kiwo take, ta so ta sa ɗan haraji a kan makiyaya don a biya kuɗin bincike. Sai aka laƙaba wa abin suna, a gafarce ni, harajin tusa. Sunan ya ba duniya dariya, ko da yake ba daidai ba ne, tunda mun ce ta baki iskar take fita. Aka janye shirin. A 2022 gwamnatin ƙasar ƙarƙashin Jacinda Ardern ta sake kawo wani tsari, gwamnatin da ta biyo baya ta soke shi a 2024. A wannan shekarar dai ƙasar Denmak ta cimma yarjejeniya tsakanin gwamnati da manoma da masu kare muhalli cewa daga 2030 za a fara biyan haraji kan iskar da dabbobi ke fitarwa. Yadda aka yi waɗannan ɓangarori suka zauna teburi ɗaya har suka daidaita, labari ne da ya cancanci dogon rahoto. Wurare da yawa dai tsohon barkwancin aka sake maimaitawa.

Na tsoratarwa kuma, ga misali. A watan Afrilun 2021, jaridar Daily Mail ta Ingila ta haɗa wani binciken Jami'ar Michigan da shirin Shugaba Joe Biden na yanayi, sai tashar Fox News da wasu 'yan siyasa suka yaɗa cewa za a taƙaita wa kowane Ba'amurke jan nama zuwa abin da bai kai kilo 2 ba a shekara. Babu wannan magana ko kaɗan a shirin Biden. Daga baya tashar ta fito ta amsa kuskure, amma ƙarya ta riga ta yi fure. Haka a ƙarshen 2024, da kamfanin madara na Arla ya ce zai gwada wani sinadari mai suna Bovaer a wasu gonakin Ingila, wanda ake sa wa shanu a abinci ya rage metan da kusan kashi 30 cikin 100, sai ga mutane suna ɗaukar bidiyo suna zubar da madara, bayan hukumomin kula da abinci sun riga sun tabbatar da cewa ba ya cutarwa.

Akwai kuma batun kuɗi, kuma a nan nake so abokan aikina su buɗe kunne. Wannan Farfesa Mitloehner da na ambata, wanda gyaransa na 2010 daidai ne, jaridar New York Times ta ruwaito a 2022 cewa cibiyar da yake jagoranta tana samun mafi yawan kuɗinta ne daga masana'antar dabbobi. Wannan bai mai da duk abin da ya faɗa ƙarya ba. Amma haƙƙin mai sauraro ne ya san wanda ya biya kuɗin, kamar yadda na gaya muku su wane ne suka ƙirga labarai 1,000 ɗin nan. Idan ka je kara sayen sa, ai kana so ka san dillalin nan na mai saye ne ko na mai sayarwa.

Yanzu mu dawo gida, domin a nan ne abin ya fi ci mini rai.

Yawancin labaran nan daga Landan da Washinton da Faris suke zuwa mana, mu fassara mu karanta. Suna cewa saniya, mu ma mu ce saniya. Bafulatanin da ke sauraronmu a ruga da rediyonsa rataye a kafaɗa, da mahaucin da ke kwata tun asuba, da mai kiwon turka a bayan gida, duk sai su ji kamar da su ake. Tambayar da ba mu cika yi ba ita ce: saniyar wa ake nufi?

Shin san da aka sare dajin Amazon a Barazil don a yi masa wurin kiwo, inda mafi yawan filin da aka sare makiyayar shanu ya koma? Ko wanda aka tsare a shinge tare da dubban 'yan uwansa a jihar Texas, ana ɗura masa masara har ya isa yanka? Ko kuwa saniyar bunajin da ke bin burtali, ta ci karmami da harawa bayan an yi girbi, ta bar wa manomi taki a gona, ta ba da nonon da za a dama fura, ɗanta ya ja garma, a sayar da ɗan maraƙinta ranar da rashin lafiya ta zo ko aure ya taso?

Babban binciken da aka fi ambata a wannan fanni shi ne na Joseph Poore da Thomas Nemecek, wanda ya fito a mujallar Science a 2018, ya tattara bayanan gonaki kusan 38,700 a ƙasashe 119. Daga cikinsa aka samo lissafin da ke cewa kilo ɗaya na naman sa yana jawo kimanin kilo 60 na iska mai ɗumama duniya, na kaza kimanin kilo 6, dangin wake kuwa ba su wuce kilo 2 ba. An yaɗa wannan sosai, kuma ya kamata a yaɗa. Sai dai binciken ya faɗi wani abu da ba a cika maimaitawa ba: tsakanin masu samar da naman sa su kansu, wanda ya fi ɓarna ya ninka wanda ya fi sauƙi har sau 12. Ke nan ko a wajen masu binciken, saniya ba ɗaya ba ce.

A yankin Ferlo na ƙasar Senegal, wanda yanayinsa da irin kiwonsa suka yi kama da namu na Sahel, wasu masana ƙarƙashin jagorancin Mohamed Habibou Assouma sun auna shekara guda cur, abin da dabbobi ke fitarwa da abin da ƙasa da itatuwa ke zuƙewa. Sakamakon da suka wallafa a 2019 ya nuna cewa idan aka haɗa damina da rani, abin kusan ya tashi canjaras. Wuri ɗaya ne aka auna, ba za a ɗora dukkan Afirka a kansa ba. Amma ya isa ya nuna cewa awon da aka yi a gonar Turai ba lallai ya dace da garken da ke yawo a daji ba.

Ka kuma dubi wanda ke cin naman. Ba'amurke, a matsakaicin lissafi, yana samun fiye da kilo 100 na nama a shekara. Ɗan Najeriya bai kai kilo 10 ba. Gidaje nawa ne a Katsina ko Maraɗi da sai Babbar Salla yara ke cin nama su ƙoshi, idan maƙwabci ya aiko da kason layya? Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa fiye da rabin yara 'yan ƙasa da shekara 5 a arewa maso yammacin Najeriya sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Yaron da ke wannan hali ƙwai yake bukata, da nono, da ɗan yankan nama. Idan muka fassara masa shawarar da aka rubuta don mutumin da ke cin nama safe da rana da dare, muka ce a rage cin nama don a ceci duniya, mun zalunce shi. Dukkan nahiyar Afirka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na iskar kabon da ake samu daga ƙona mai da gawayin kwal a duniya, amma mu ne fari ke kashe wa garke, kamar yadda dattawa ke tuna na 1973 da na 1984.

To amma kada mu ruɗi kanmu, jama'a, domin akwai gaskiyar da ba ta yi mana daɗi. Saniyarmu tana fitar da metan ƙasa da rabin abin da saniyar madara ta Amurka ke fitarwa a shekara, wannan haka ne. Sai dai waccan tana ba da lita 30 a rana, tamu kuwa da ƙyar a tatsi lita 1 ko 2. Idan aka raba iskar a kan kowace lita, tamu ce ke sama. Saniyar da ta rame da rani, ta yi fama da sammore ko ciwon huhu, ta shekara biyu ba ta haihu ba, gyatsa take yi kullum ba tare da ta ba da komai ba. Maraƙin da ya mutu kafin ya girma, duk ciyawar da uwarsa ta ci dominsa ta tafi a banza. Abin farin cikin shi ne maganin wannan shi ne dai abin da makiyayi ya daɗe yana roƙo: rigakafi a kan lokaci, mashaya, abincin rani, burtalin da ba a nome ba, likitan dabbobi da za a iya samu. Abin da zai ƙara masa nono shi ne zai rage iskar. Wannan labari namu ne, ba wanda zai aiko mana da shi daga waje.

Akwai kuma tarko guda da nake so mu kiyaye. Manyan kamfanonin nama sun iya fakewa da talaka. Da zarar an taso su a kan sare daji ko hayaƙi, sai ka ji ana ambaton makiyayin Afirka da yaron da ke fama da yunwa, kamar dominsu ake kiwon shanu a Amazon. Kare Bafulatani daga zargin da bai dace da shi ba daidai ne, amma kada garin haka mu wanke wanda zargin ya dace da shi.

Wannan ba magana ce ta nesa ba. A watan Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi. A watan Nuwamba na wannan shekarar, gwamnatin Najeriya ta sa hannu a takardar fahimtar juna da kamfanin JBS na Barazil, wanda ya fi kowane kamfanin nama girma a duniya, kan zuba jarin dala biliyan 2.5 don gina masana'antu shida. An yi ta murna a labarai, kuma ƙasar da ke neman aikin yi tana da dalilin murna. Amma watanni tara kafin nan, a Fabrairun 2024, babbar lauyar jihar New York, Letitia James, ta maka reshen kamfanin na Amurka a kotu bisa zargin yaudarar jama'a da alkawarin cewa zai kawar da tasirin hayaƙinsa zuwa 2040. Kuma sunan kamfanin ya sha fitowa a binciken da ake yi kan shanun da aka kiwata a filayen da aka sare a Amazon. Mai sauraron Hausa ya cancanci ya ji wannan ɓangaren tare da wancan. A wane fili za a yi kiwon? Daga wane kogi za a ɗebi ruwa? Wajen wa za a sayi shanun, makiyayanmu ko gonar kamfani? Ina makomar mahauta da dillalan Maigatari da Potiskum da Wudil da Mubi? Waɗannan tambayoyi yanzu ne lokacin yin su.

Kuma idan ana lissafin metan a ƙasar nan, kada a tsaya a kan garke a manta da iskar gas da ake ƙonawa da wadda ke yoyo a rijiyoyin man Neja Delta. Najeriya na cikin ƙasashe goma da suka fi ƙona gas a banza a duniya, tana kuma cikin waɗanda suka shiga alkawarin da aka ɗauka a Glasgow a 2021 na rage metan ɗin duniya da kashi 30 cikin 100 zuwa 2030.

Saboda haka ina kira ga 'yan uwana ma'aikatan gidajen rediyo da talabijin da jaridun Hausa. Idan labarin nama da yanayi ya iso teburinku, kada ku jefar da shi don yana da nauyi, kada kuma ku mai da shi abin dariya na rufe shiri. Ku nemi shekarar da aka fitar da lambar da wanda ya fitar da ita. Sannan ku ɗauki na'urar naɗar murya ku je kara, ku je kwata, ku je ruga, ku zauna da Sarkin Fawa da Arɗo, ku je wajen masana a cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ke Zariya da ta Vom a jihar Filato, ku tambaye su saniyar da ake magana a kanta.

Kai kuma mai sauraro, duk ranar da ka ji an ce shanu na ɗumama duniya, gaskiya aka gaya maka. Ka dai nemi a gaya maka na wane ne, kuma wa ke cin naman.

A nan za mu dakata a sharhinmu na yau.